Shekarar da Namadi Ya Hana a Kai wa Baƙo Tuwo

Kwana tara bayan an ba mu jihar Zamfara muka kai Namadi Masinja makwancinsa. Allah ya jiƙan shi, ya haskaka kabarinsa. Mutum ne da bai taɓa hawa kujerar gaba a taro ba, amma ranar nan sai da sahu ya kai bakin kwalbati. Ga mahauta da wuƙaƙensu a ƙugu, ga direbobin hanyar Shinkafi, ga 'yan fito da suka taso tun daga bakin gulbi. Kowa ka gaisa da shi sai ya ce maka ai wurinsa marigayin yake zama. Kuma ba wanda ya yi ƙarya.

A Banga aka haife shi. Ya shigo Kaura shekarar samun mulkin kai da riga ɗaya a wuyansa, ya kama dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgi. Da bayansa ya fara ciwo sai aka ɗauke shi masinja a ɗakin shan magani na unguwar tasha. Aikinsa shara, ɗebo ruwa, jera marasa lafiya a kan benci, da kai takardu gidan waya. Makullin ɗakin ma a hannunsa yake kwana. Da ƙafa ya san garin nan, lungu-lungu, har Tani mai hoce ta raɗa masa Sarkin Yawo, sunan kuma ya bi shi.

Namadi ba mai ci da yawa ba ne, amma ya san inda ake ci. Da safe sai bayan ma'aunar auduga, wurin Tani. Hocen dawa take yi, ta gutsuttsura shi a kwano, ta barbaɗa garin ƙuli, ta zuba man gyaɗa da albasa. Ba ya karɓar na farkon sauka. Cewa yake tukunya ba ta gama farkawa ba, a jira na biyu. In la'asar ta yi sai tukubar Nagoggo mai tsire, a mahaɗar hanyar kasuwa, kuma can ƙarshen benci na hagu yake zama, don ya lura hayaƙi dama yake bi. Sayayya kuwa yana da doka guda: ba ya sayen komai a bakin kasuwa. Yakan ce wanda ya kasa kaya a bakin kasuwa mai sauri yake jira. Yadi sai rumfar Alhaji Abbati, don shi kaɗai ke yarda ya fito da ƙyalle cikin rana ka ga ainihin launinsa. Kanwa da dabino, da duk abin da ke shigowa daga Faransa, wato ƙasar Nijar, sai ya haƙura har Alhamis ya bi motar Shinkafi. In kuwa ransa ne ya ɓaci, can ƙarshen dogo za ka same shi, inda ƙarfen jirgi ya tuƙe, yana zaune yana kallon yadda ake juya kan jirgi ya fuskanci Gusau. Ya sha faɗa mana cewa duk garuruwan da ke kan layin nan wucewa jirgi yake yi ta cikinsu, mu kaɗai ne yake zuwa wurinmu takanas.

To amma malaman asibitin da ake turowa ba haka suke ganin Kaura ba. Su a wurinsu nan ne ƙarshen duniya. Cikin shekara huɗu mutum uku aka kawo, kowanne bai rufa wata shida ba ya nemi canji ya tafi. Duk sanda ɗaya ya tafi sai a rufe ɗakin, wata biyu, wata uku, kafin a sami wani. A cikin irin wannan rufewa ce baƙon dauro ya shigo unguwa, ya kama Ladidi, 'yar autan Namadi, mai shekara uku. Makulli na wuyansa, kwalabe na jere cikin kabad, shi ke goge musu ƙura kullum, amma bai san wacce zai ɗauka ba. Kafin a sami motar Gusau yarinya ta cika. Bai taɓa yi mana zancen ba. Mun dai lura tun daga ranar ya daina rataya makullin a wuya, ya koma ƙulle shi a bakin zariyar wando, inda ba ya ganinsa.

Bayan babban fari da shekara biyu, cikin tsakiyar bazara, jirgi ya sauke Malam Zubairu. Saurayi ne siriri, mutumin Yawuri, da akwatin ƙarfe da rediyo. Ya yi aure bai daɗe ba, amma ya baro amaryar, Hadiza, a gida, wai sai ya ga yadda wuri yake.

Matan unguwa kuwa sun riga sun yi shawara. Hajiya Kulsumu, wadda ke sayar da man gyaɗa, ita ce babbarsu, kuma ita ta yanke cewa abin da ya kori na baya rashin kula ne. Baƙo ba ya gudun gidan da ake ƙoshi. Don haka tun ranar da Malam Zubairu ya sauka kwanuka suka fara sintiri. Da safe koko da ƙosai daga gida uku. Da rana dambu, shinkafa da wake, fura. Da yamma tuwo kala-kala, kowanne da faifai a rufe. Wata rana Namadi ya ƙirga kwano goma sha ɗaya a jere a barandar ɗakin baƙon, wanda ke liƙe da bayan ɗakin magani. Malam Zubairu ba ya bukatar ya taka ko'ina. Daga ɗaki sai wurin aiki, taku goma, sai masallacin da ke tsallaken hanya.

Ranar da ya cika sati uku ya miƙo wa Namadi ambulan.

"Ka kai mini gidan waya."

Namadi bai iya karatun boko sosai ba, amma ya san wannan ambulan. Sau uku yana kai irinta, ta neman canji, adireshin ofishinsu na Sakkwato ne. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce to. A hanya ya biyo ta rumfar tela inda muke zama, ya nuna mana. Wani daga cikinmu ya ce masa ai rijiyar bayan kasuwa ba ta da murfi, takarda kuma ba ta da baki. Namadi ya dube shi ya ce, "Amana ce. In nij jefa ta rijiya, gobe da wace fuska zan riƙe makulli?" Ya kai ta, aka buga mata hatimi a gabansa. Ya san amsa kan ɗauki wata uku ko huɗu. Iyakar lokacin da yake da shi ke nan.

Da la'asar ɗin ranar ya je kwashe kwanuka don mayar wa masu su. Ƙofa a buɗe take. Ya hango Malam Zubairu zaune a bakin gado, ya ba ƙofa baya, rediyo na magana ita kaɗai, kwanon tuwo a gabansa. Loma biyu ya yi ya rufe. Namadi ya tsaya da kwanuka a hannu, ya tuna haka ya sha ganin na farko, haka ya ga na biyu da na uku.

"Malam, in tambaye ka mana. Wa kas sani garin ga?"

Malam Zubairu ya yi ɗan tunani. "Kai."

"Sai wa?"

"Sai liman. Shi ma sunansa ban riƙe ba."

Washegari Namadi ya fara da gidansa. Ya ce wa matarsa daga yau kada ta ƙara zuba na baƙo. Ta dube shi kamar wanda ya zo da wani sabon addini. Daga nan ya nufi gidan Hajiya Kulsumu. Ya same ta a tsakar gida tana tace mai, ya durƙusa ya gaishe ta har sau biyu, don ya san abin da ya zo da shi ba mai daɗin ji ba ne.

"Hajiya, alfarma niz zo nema. A bar kai ma Malam abinci."

Ta ajiye matacin. "Maimaita, kunnena ya fara tsufa."

"A bar kai mai tuwo, Hajiya. Ko na sati biyu."

"La'ilaha illallahu! Namadi, rana ta taɓa ka? Baƙo cikin unguwarmu, ɗan mutane, ba mata ba uwa, mu zura mai ido? Mi za a ce da mu Yawuri? A ce Zamfarawa sun bar malami da yunwa?"

"Hajiya, uku munka ciyar, uku sunka tahi."

"Don ba su ƙoshi ba!"

"Sun ƙoshi, ni ka wanke kwanukan. Mun ɗaure su ɗaki kamar ragon layya, ga dussa ga ruwa. Ba wanda ya san su, ba su san kowa ba. Mutum na zama gari don tuwo? Ai zo mu ci ya fi tuwon daɗi."

"Ka ji mini ɗan nema! Yau Sarkin Yawo ka koya min karɓar baƙo. Tun uwarka na goye da kai Banga nike sauke baƙi."

Ya sunkuyar da kai. Hajiya ta san zancen Ladidi, ita ta yi mata wanka. Can ta ɗauki matacinta ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Sati biyu. In yar rame ko da ƙwayar gero guda, kai da Allah. Kuma kai za ka bi gidajen ka faɗa da bakinka, ni ba ni ɗaukar wagga kunya."

Haka ya bi gida tara yana faɗa. A wani gida aka yi masa dariya, a wani aka rufe ƙyaure tun bai gama ba. Kafin azahar labari ya zaga unguwa cewa Namadi ya hana baƙo abinci. Masu cewa rowa ce na yi, masu cewa ragowar kwanukan ce ba a ba shi ba ya yi fushi, su ma na yi. Sati guda matarsa ba ta shiga gidan suna ko na biki ba.

Safiyar farko baranda ta wayi gari fayau. Malam Zubairu ya leƙo, ya koma, ya sake leƙowa. Kunya ba ta bar shi ya tambaya ba. Ya duba marasa lafiya har hantsi ya ɗaga, cikinsa na ƙugi har na kan benci na ji. Da mutane suka ragu sai Namadi ya jingine tsintsiya ya ce, kamar da bango yake, "Ni dai za ni cin hoce."

"Mene ne hoce?"

"Ba ya faɗuwa, Malam. Sai dai a gani."

Wurin Tani ba kujera, sai wani gungumen icce da zama ya goge shi har yana sheƙi. Leburorin tasha na zaune a kai, suka matsa. Tani ta ɗago daga bakin murhu tana share hawayen hayaƙi.

"Sarkin Yawo, wa kas samo muna yau? Wanga siririn hwa? Iska ba ta ɗauke shi hanya ba?"

"Malamin asibiti ne, Tani, ki iya bakinki."

"To mi? Allura zai yi min? Malam, riƙe kwanonka da kanka, nan ba mu da masinja."

Malam Zubairu ya miƙa hannu zai karɓi wanda ta sauke, Namadi ya dafe masa hannu ya ce a jira na biyu. Tani ta ce, "Ka gani ko? Shekara goma sha biyar shina ɓata min ciniki, yanzu ya samo almajirin koyo." Aka yi dariya, wani lebura ya nuna wa Malam wani ƙurji a ƙafarsa, wani ya tambaye shi ko gaskiya ne mutanen Yawuri da kifi ake yaye su. Bai ankara ba ya cinye, har ya sa yatsa ya suɗe garin ƙulin.

Da la'asar Namadi ya kai shi wurin Nagoggo, ya ba shi ƙarshen bencin hagu, shi ya zauna cikin hayaƙi. Ya kai shi rumfar Alhaji Abbati suka yanki yadin labule. Ya kai shi ƙarshen dogo suka ga an juya kan jirgi. Amma ko'ina sau ɗaya yake raka shi. Kashegari in Malam ya ce su je, sai ya ce ƙafarsa na ciwo, ko an aike shi. Mun tambaye shi dalili, ya ce in suka je tare kullum, baƙon Namadi za a riƙa ce masa har abada. In ya je shi kaɗai dole a tambayi sunansa.

Sai kuma ya yi kuskure. Yana ganin ya ajiye babban abu a ƙarshe, wata Asabar ya ce wa Malam yau zai nuna masa gulbi. Suka yi tafiya mai ɗan nisa cikin zafi har bakin Gagare. Ruwan sama bai sauka ba tukuna. Yashi ne shimfiɗe fari fat, sai 'yan ramuka da mata suka tona suna kwalfar ruwa da ƙoƙo, da jakuna na tsallakawa abinsu. Namadi ya buɗe hannu yana murmushi.

"Ga shi nan."

Malam Zubairu ya duba dama, ya duba hagu. "Ina?"

"Ga ka tsaye bakinai."

"Wannan? Namadi, a garinmu wannan ai burtali ne." Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya tsuguna ya ɗebi yashin yana zubarwa ta tsakanin yatsu. Sai ya kama zancen kogin Kwara. Yadda ba ka hango ɗaya gaɓar, yadda jiragen ruwa ke cika bakin kasuwa da sassafe, yadda mahaifiyarsa ke yin miyar kifi da ɗanyar kuɓewa. Bai daina ba har suka iso gida. A bakin ƙofa ya ce, "Wai har yanzu ba amsa daga Sakkwato?"

Namadi ya zo rumfa ya zauna kamar an zare masa laka. Ya ce mana, "Na kai ɗan kogi ya ga yashi. Da hannuna nit tuna mai gida."

Ba a yi kwana uku ba kuma wata magana ta fito. Wata mata ta kawo ɗanta a duba shi, tana ba Malam haƙuri, wai kada ya ga kamar sun yi watsi da shi, Namadi ne ya bi gida-gida ya hana. Da aka tashi aiki Malam Zubairu ya kira shi.

"Kai ka hana a kawo mini abinci?"

"Ni ne, Malam."

"Na yi maka wani laifi?"

"Ko kusa."

"To don me? Ina ta tunanin abin da na yi wa mutanen unguwar nan. Har na ce ko allurata ce ke da zafi."

Abin da Namadi zai faɗa yana ƙulle a zariyar wandonsa, kuma ba ya son ya riƙe mutum da gawar 'yarsa. Ya ce, "Ka yi haƙuri." Iyakarta ke nan.

Daga ranar sai gaisuwa da zancen aiki. Hajiya Kulsumu ta ce sati biyunta sun cika, ta sa aka dawo da kwanuka. Sai dai Namadi ya lura da wani abu: sau da yawa yadda aka kawo su haka yake mayar da su, ba a ko ɗaga faifan ba, ɗakin kuma da kwaɗo. Ina Malam ke zuwa, bai sani ba, bai kuma ga fuskar tambaya ba. Damina ta sauka, gero ya rufe hanyar Banga, zazzaɓi ya cika benci da yara, su biyun suna aiki kafaɗa da kafaɗa ba mai ce wa wani ci kanka.

Amsar ta zo wata Asabar cikin watan Agusta, bayan an tashi aiki. Ambulan ce ruwan ƙasa da hatimin Sakkwato. Namadi ya juya ta gaba da baya, ya sa a aljihun ƙirji, ya nufi ɗakin Malam. A kulle. Ya wuce wurin Tani, tana wanke tukunya.

"Zubairu? Ya ci tun da safe. Wai albasa ta yi yawa, sai ka ce shi yan noma ta. In ka gane shi ka ce ya maido min kwanona."

Zubairu, ta ce, ba Malam ba. Namadi ya riƙe wannan a ransa ya wuce. Alhaji Abbati ya ce tun shekaranjiya rabonsa da shi, ya zo sun yi musu a kan ko shuɗi na zuba. A ƙarshen dogo ba kowa sai awaki sun fake a ƙarƙashin tarago. Ya dawo wurin Nagoggo, yana jera tsinke.

"Yau Asabar ko? To ba ka samun shi cikin gari. Bi ta bayan marina, akwai 'yar hanya tsakanin gonakin rogo. In kaj ji hayaniya ka iso."

"Bayan marina akwai hanya?"

Nagoggo ya ajiye tsinken ya tafa hannu. "Jama'a ku zo ku ji! Yau Sarkin Yawo ka tambayar hanya cikin Kaura!"

Shekara goma sha biyar yana taka garin nan, bai taɓa bin wannan hanya ba. Ta ratsa rogo, ta gangara wani kwari, ta ɓulla ƙarƙashin wani katon ɓaure a bakin gulbi. Gagare ya cika ya batse, jajir, yana tafe da rassan itace. Nan ne mashigar 'yan fito, masu haye da mutane da kayansu a kan manyan goruna. Su biyar ne zaune a gindin ɓauren, ga tukunya a kan duwatsu uku. Wanda ke tsugune yana juya ta, ya naɗe wando har gwiwa, ƙafafunsa duk laka, Malam Zubairu ne. Yana musu da wani tsoho da ake kira Amadu, shugaban 'yan fiton.

"Baba Amadu, na ce maka tarwaɗa ba a juya ta da ludayi, girgiza tukunyar ake yi."

"Kai ɗan Yawuri, mu da munka gaji gulbin ga za ka koya ma dahuwa?"

"Gulbin da ke zuwa hutu wata takwas?"

Yana ɗagowa ya ga Namadi tsaye, ya ga bakin ambulan a aljihunsa. Sannan ya nuna masa wata saiwa. "Zo ta nan ka zauna. Can hayaƙi yake bi."

Namadi ya zauna inda aka nuna masa. Aka zuba masa romo a ƙoƙo, yaji ya isa, ga ɗan tsamin da bai san daga ina yake ba. Bai taɓa shan irinsa ba a Kaura, ya kuma faɗa. Sai da Malam Zubairu ya gangara ya wanke hannu, ya goge a jikin riga, sannan ya karɓi takardar. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Sun ba ni," in ji shi. "Yelwa. Ƙarshen wata."

Yelwa cikin ƙasar Yawuri take, bakin koginsu. Namadi ya ce, "Allah ya sa alheri, Malam." Ya sa hannu ya taɓa zariyar wandonsa, ya ji makullin na nan. Ya kafa wa ruwa ido. Wani ɗan fito ya shiga da wata tsohuwa da ƙullin kayanta a ka, suna ta faɗa har tsakiyar gulbi, ita tana ce masa ya bi a hankali, shi yana ce mata ta bar motsi.

Malam Zubairu ya ninke takardar gida huɗu. Ya ce, "Tani ta gaya mini zancen yarinyarka. Tun watan jiya." Suka zauna har tsohuwar ta taka ɗaya gaɓar tana yarfe zane.

"Namadi."

"Na'am, Malam."

"A ina ake samun turmi mai kyau? Hadiza ba ta cin tuwon inji."

Namadi ya juyo ya dube shi sosai, don ya tabbata abin da ya ji. Turmi ba kayan matafiyi ba ne. Ba mai sayensa sai wanda ya san inda zai girke shi. Ya kurɓi romo, yajin ya sarƙe shi, ya yi ta tari har hawaye, Baba Amadu na bubbuga masa baya yana cewa mutanen tudu ba su iya komai ba. Da ya samu numfashi ya ce, "Turmi sai Zurmi. Na iccen ƙirya. Akwai wani masassaƙi can ciki, bayan masu igiya."

"Ba a bakin kasuwa ba."

"Ba a bakin kasuwa ba."

Ranar Litinin ya kai wata ambulan gidan waya, wadda Malam ya rubuta yana neman a bar shi inda yake. Sati na gaba suka bi motar Zurmi, Namadi ya ƙwanƙwasa turmi bakwai da bayan yatsa kafin ya yarda da na takwas. A saman mota aka ɗauro shi. Da Hadiza ta iso, Hajiya Kulsumu ta aika mata kwano uku, ta kuma aiko a gaya wa Namadi cewa wannan karon in ya isa ya hana. Har ta rasu ba ta yarda ya fi ta gaskiya ba. Cewa take addu'arta ce ta zaunar da Malam.

Shekara ashirin da ɗaya ke nan ba a sake rufe ɗakin nan ba. Yaran da Malam Zubairu ya yi wa lamba a hannu yanzu su ke kawo masa nasu. Gashinsa ya yi fari a nan, 'ya'yansa shida da harshenmu suke magana. Jirgi ya rage zuwa, ciyawa ta fara cin ƙarshen dogo, Tani ta tsufa ta bar wa 'yarta murhu, amma duk Asabar ta damina za ka ga tsofaffin nan biyu sun bi ta bayan marina, ɗaya na gaba ɗaya na baya, suna musu a kan wanda ya fara sanin hanyar.

Ciwon Namadi bai daɗe ba, kwana goma sha biyu ne. Malam Zubairu ke zuwa safe da yamma. Ranar ta ƙarshe Namadi ya lalubo zariyarsa, yatsunsa sun kasa kwance ƙullin, Malam ya kwance masa. Namadi ya damƙa masa makullin a tafin hannu, ya rufe da nasa hannun. Da hantsi ya cika.

Ranar sadakar uku mata suka taru za a daka gumba, aka ga turmin gidan ya tsage. Kafin a ce a je aro sai ga Malam Zubairu ya ɓullo kan kwana, da furfurarsa da komai, yana mirgino nasa a ƙasa tun daga gidansa, ya hana kowa ya kama masa. A cikinsa aka daka gumbar. Mun ci a ƙofar gida, kan tabarma ɗaya, da mahauta da direbobi da 'yan fito.

Allah ya gafarta maka, Namadi. Ya sa ka sauka inda aka san sunanka.